An ɗauke malamin da ke kai yara bakin rijiya

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ina zaman Agadas, ina maigida da yara? Mu nan gefen Cadawa lafiya lau.

An ɗauke Mushe Idi, malamin lakol, wato makarantar boko. Shi cewa yake yaro ba ya sanin abu sai ya taɓa da hannunsa, shi ya sa yake kai su rijiya su auna igiyar guga. Iyaye suka kai ƙara, wai wasa yake koyarwa. Yanzu kowa na cizon yatsa.

Jiya Ramatunki da ke wurina ta rera mini lissafi kamar waƙa. Na tambaye ta ma'anarsa, ta ce, “Inna, sabon mushe hardacewa kawai ya ce mu yi.”

Ki roƙa mana Allah ya maido mana irinsa. Gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zali