Ƙafar Saje Musa da ta rage

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da aka damƙa wa lafiyar tsofaffin sojoji, Abuja.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Hauwa, daga Kuje. Mijina shi ne Saje Musa mai ritaya, wanda ya ba ƙasar nan ƙuruciyarsa kaf, ya dawo gida da lambar yabo da ciwon suga. Yau ƙafarsa ɗaya ce, kuma a kan wadda ta rage nake wannan rubutu. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Na farko, ban sani ba ko ka san halin mutanen da kake riƙo. Tsohon soja ba ya kai kuka gaban na gaba da shi. Mijina zai wuni yana nishi a gida, amma da ya shiga wurin likita sai ya ƙame, ƙirji a waje, a tambaye shi jiki ya ce, "Ba komai, Sa." Haka aka horar da su, kuma ku kuka horar da su.

A da akwai wata likita a asibitin da muke zuwa, Dakta Ladi, ita ce ta gano su. Ba ta sauraron wannan ba komai ɗin. Da ya shigo take ce masa ya zauna ya cire takalmi da safa, ta bi tsakanin yatsunsa tana dubawa. Shi kuwa da ya ji umarni sai ya bi. Tsofaffin nan har Kwamanda suke ce mata.

Na biyu, ga yadda kuka rasa ta. Ta so ta shiga horon ƙwarewa, wanda likita ke yi yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci har ya zama gwani. Da bakinta ta gaya min ta fi son ta yi shi a nan, cikin tsofaffinta. Aka ce mata babu gurbi, babu masu koyarwa. Ta nemi wani asibitin, daga can sai muka ji ta ƙetare teku. Wallahi ban ga laifinta ba.

Aka bar likita ɗaya da layi har bakin ƙofa. Mu taso daga Kuje, mu sha cunkoson hanya, mu wuni a benci, ni kuma a ce in jira a waje. Bawan Allah ya ga mijina cikin takalmi ya sha gogewa yana ƙyalli, ya tambayi jiki, aka ce masa ba komai, ya rubuta magani ya kira na gaba. Ashe gyambo na cikin takalmin. Ni kaina ya ɓoye min, sai da wari ya tona shi. Ranar da aka cire takalmin, aka ce sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa. Mutumin da ya shiga daji ya fito da ƙafafunsa biyu, a layin asibiti ya bar ɗaya.

Kullum amsar da ake ba mu ita ce ƙarancin likitoci, sai ka ce daga sama ya faɗo. Haba, ranka ya daɗe! Yaran likitocin nan suna zuwa, ku ne ba ku da abin riƙe su.

Roƙona shi ne a buɗe horon ƙwarewa a asibitocin da tsofaffin sojoji ke zuwa, a ƙara guraben, a kawo manyan da za su koyar, don likita ya daɗe a cikinsu har ya san halinsu. Kafin nan, a bar mu matansu mu riƙa shiga, mu bakinmu ba a ɗaure yake ba.

Kwanan nan na ga baƙi-baƙi a babban yatsan ƙafar da ta rage. Ranar ganin likita ta kusa. Tuni ya goge takalminsa ƙwaya ɗaya ya ajiye, kuma na san abin da zai ce in an tambaye shi.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka tsufa da lafiya, ya sa ranar da za ka ce ba komai a samu mai ce maka ka cire takalmi.

Wassalam.

Hauwa, matar Saje Musa, Kuje.