Ƙafar Baba da Ruwan Kwata

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, na rubuto ne in ba ki labarin ƙafar Baba. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, amma har yau in abu ya girgiza ni, ke nake fara nema in faɗa wa.

Kin san ciwon sukarinsa. Bara ya taka ƙusa a tsakar gidanmu na Jikwoyi, ya ɓoye mana. Sai ya yi abin da muka saba a gidan nan: ya ɓare kafso ja da rawaya ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya haɗiyi biyu, da ya ji dama-dama ya daina. Ba ƙararki nake kawowa ba, Umma, amma gwangwanin nan naki na ragowar magunguna har yanzu ba a daina zuba masa ba.

Ciwon ya ci gaba da ruɓa har ya kwantar da shi a asibiti. Aka yi allura, aka canza wata, aka sake canzawa. Daga baya gwaji ya nuna ƙwayar cutar da ke cikin ƙafar ta saba da magungunan, babu wanda take ji. Likitan tiyata ya sa biro ya ja layi ƙasa da gwiwar Baba, ya ce in babu sauyi nan da mako uku, daga nan za a yanke. Na fita baranda na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fitar da ke.

A wannan makon aka haɗa mu da Dakta Ladi, wata mai bincike 'yar manoman ƙauyen Paikon Kore. Ta ce akwai wata hanya, amma har yanzu gwaji ce, ba ta yi mana alkawarin komai ba. Wai akwai wasu ƙananan halittu, dangin bairos, ana ce musu fej. Ba ruwansu da jikin mutum, ƙwayar cuta kawai suke kamawa. Su shige cikinta, su hayayyafa, su fasa ta su fito su nemi ta gaba. Kuma kowace fej da irin ƙwayar da take ci, don haka sai an nemo wadda ta dace da ta Baba.

Na tambaye ta ina ake samun su. Ki zauna da kyau, Umma. A kwata.

Ke da kika taɓa wanke mini ƙafa da ruwan zafi da toka don na taka bakin lambatu! Ga shi mace mai digiri uku ta sa safar hannu tana bin kwatocin unguwar Mpape da na bayan asibiti da kwalabe, tana ɗibar baƙin ruwa, masu wucewa suna kallonta kamar ta zautu. Ta ce inda ƙwayoyin cuta suka yi yawa, nan masu cinsu suke taruwa.

Kwalabe bakwai na farko ba su ba da komai ba. Kwana goma sha ɗaya suka tafi a haka, ina ƙirga su da idona a kan layin biron nan. Sai wata safiya ta kira ni ɗakin gwajinta, ta ɗaga wani ɗan faranti ta nuna wa haske. Ƙwayar cutar ƙafar Baba ce ta shuka a kai, ta rufe shi ruf kamar koko ya kwana. Amma ga wasu 'yan ramuka nan tas-tas, ana hango haske ta cikinsu. Ta ce kowane rami wurin da fej ta cinye ne.

Umma, ki ji ikon Allah. Abin da ya gagari allurai mafi ƙarfi, ga wata halitta da ido ba ya gani tana cinye shi a hankali. Tun kafin a haife ki tana nan a cikin ƙazanta tana aikinta, muna tsallake ta muna toshe hanci. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba. Dakta Ladi kirista ce, amma na ji ta ce amin.

Sai kuma mijinki ya tubure. Ya ce shi ba za a sa masa najasa a jiki ya tsaya gaban Ubangijinsa ba, gara a yanke. Na roƙe shi, na yi fushi, bai motsa ba. Dakta Ladi ta bayyana masa yadda ake tacewa, a sake tacewa, a reni fej ita kaɗai a wuri mai tsabta har babu ɗigon kwata a ciki. Ta ƙara da Hausarta mai daɗi: “Baba, doyar da ka ci da safe, ba da kashin shanu ta girma ba?”

Bai yi dariya ba. Ya ce a miƙo masa kwalbar ruwan da aka tace. Ya ɗaga ta ya duba launi, ya sa aka buɗe ya shinshina, kamar yadda yake gwada ruwan alwala in ya yi shakka. Har zai ɗanɗana ta riƙe masa hannu, ta ce wannan kwalbar ma ta tashi daga aiki tunda an buɗe. Ya ajiye kwalbar, ya ce, “Ruwa ne. Bismillah.”

Kullum aka riƙa wanke ciwon da shi, tare da wani magani na allura. Kwana huɗu ban ga komai ba. A na biyar warin ya ragu. Kafin mako ya zagayo, jan nama ya fara tasowa daga gefe. Likitan tiyata ya daɗe yana dubawa, sannan ya jiƙa auduga ya goge layin da hannunsa.

An cire masa ƙaramin yatsa ɗaya, sauran ƙafar tana nan. Jiya Juma'a na raka shi har bakin titi, yana ɗingishi, yana ƙin riƙe hannuna. Na tsaya ina kallonsa ya tafi masallaci da takalma biyu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya saka wa Dakta Ladi da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Ya haɗa mu da ke a gidan da babu ciwo.

'Yarki mai kewarki kullum,
Hadiza