Sitiyarin Guntuwa

Litinin, 2 ga Yuli, 1956

Motar sashen dabbobi ta iso. Daga jirgin ƙasa aka sauke ta a Malam Madori, direba Gana ya tuƙo ta zuwa Haɗeja. Na zaci zan ga mota, sai na ga akwati a kan taya huɗu da rufin tamfol. Gajera ce ƙwarai, tayar gaba da ta baya kamar za su gaisa. Kafin azahar masinjoji sun raɗa mata Guntuwa. Baturen dabbobi ya ce daga yau malamin allura ba zai ƙara fita rangadi a kan doki ba, wai rana tana lalata maganin kafin a kai ruga. Malamin allurar kuwa ni ne. Tun ina saurayi a kan sirdi nake wannan aiki.

Alhamis, 5 ga Yuli

Mun je Kaugama mun dawo. Har yanzu haƙorana ba su zauna ba. A kan gargada ba tafiya take yi ba, tsalle take, gaba ya ɗaga baya ya doka. Abin da ya fi tayar mini da hankali hannun Gana. Hanya miƙaƙƙiya, amma sitiyarin bai tsaya ba ko sau ɗaya, dama, hagu, dama. Na tambaye shi ko ta lalace ne tun ba a je ko'ina ba. Ya yi dariya, ya ce haka aka haife ta, sai ka juya sitiyarin kusan taƙi guda kafin tayoyin su ji labari. A yaƙin Bama ya koyi tuƙi, ya ce da irinta suka ratsa dazuzzukan can.

Na gaya wa matata Hajo. Ta ce in riƙa karanta Ayatul Kursiyyu kafin in hau. Da ma ina yi.

Asabar, 14 ga Yuli

Gana ya tsaya a wani fako bayan gari ya ce sai na karɓa. Na ce ni ba direba ba ne. Ya ce mutum biyu a daji da mota ɗaya, ba kyau a ce ɗaya ne kaɗai ya san ta. Ya nuna mini kuloci da birki da totur, da ƙaramin ƙarfen da in an ja shi ƙafafunta huɗu duka suke ja. Ya doke mini hannu don na zura manyan yatsuna cikin da'irar sitiyari. Wai in taya ta daki wani abu, sitiyarin ramawa yake yi.

Na juya kaɗan, ba ta motsa ba. Na ƙara, sai ta yi kan wata aduwa gadan-gadan. Na rufe ido. Shi ya ja birki. Ba zan sake ba.

Laraba, 25 ga Yuli

Ya sake sa ni. Ban rufe ido ba, amma rigata har matse ta na yi.

Talata, 14 ga Agusta

Saƙo daga Kawu Hamman. Ciwon harbin daji ya shiga garkensa a wani tudu cikin fadama, wajen Guri, bijimai uku sun faɗi. Ruwan kogi ya fara malala, ba hanyar fito da shanun. Gobe da sassafe.

Juma'a, 17 ga Agusta

Sai yau hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Shekaranjiya mun isa tudun da hantsi, na yi wa shanun allura, Kawu ya ba mu kindirmo. Da muka juyo bayan azahar, burtalin da muka bi da safe ya zama ruwa, ya kai rabin taya. Gana ya ja ƙaramin ƙarfen, muna tafe a hankali, yana ba ni labarin wata shinkafa da ya ci a jirgin ruwa. Ban ga komai ba. Ƙara kawai na ji, sitiyarin ya wulwula da kansa kamar an fizge shi, Gana ya kifa a kansa da ƙirji. Kututture ne a ƙarƙashin ruwa. Hannunsa na dama ya shiga tsakanin ƙarafan sitiyarin, ya lanƙwashe a wurin da hannu ba ya lanƙwashewa. Ƙashi ya huda fata.

Mutumin da ya hana ni zura yatsa. Wannan nake ta juyawa a raina.

Na yaga rawanina na ɗaure. Jini bai tsaya ba. Na ce bari in koma in kira su Kawu su ɗauke shi a kan ingarma ko takarkari. Ya ce kafin su zo ruwa ya shiga inji, shi kuma ya gama tsiyayewa.

"Malam, zagayo ka zauna nan."

"Gana, kashe mu zan yi."

"To ka kashe mu a kan hanyar gida."

Na zauna. Sitiyarin duk jini, santsi. Cikin ruwa ya yi nauyi kamar ana ja da ni. Muna hawa laka kuma sai ya saki gaba ɗaya, ba nauyi ko kaɗan, kamar an cire shi daga jikin motar an bar mini a hannu. Na ji bayanta yana zamewa zuwa hagu. Na murɗa da ƙarfi, na taka birki. Duniya ta juya. Da ta tsaya sai ga ni ina fuskantar tudun Kawu, inda muka fito. Gana ya yi wani nishi da ba na so in sake ji.

Bai zage ni ba. Ya ce a laka ba a taka birki, kuma in bayan mota ya tafi wani ɓangare, can za ka bi shi da sitiyari, kaɗan, ka dawo tun ba ta nema ba. Ya ce ita gajera ba ta ba ka lokacin tunani. Ya ɗora hannun hagunsa a kan gwiwata, in ya matsa in sassauta totur. Haka muka taho. Sau nawa ta zame ban sani ba. Wajen wata gonar shinkafa hannun nasa ya saki, kansa ya faɗo kafaɗata. Na kira shi bai amsa ba. Ban tsaya ba, don ban san yadda zan sake tayar da ita ba.

A ƙofar asibiti, da bango na tsayar da ita. Fitila ɗaya ta fashe.

Lahadi, 19 ga Agusta

Ya farfaɗo. Haƙarƙari biyu ne suka karye, da hannun. Matarsa Falmata ta zo gidanmu ta durƙusa tana godiya, na rasa inda zan sa fuskata. Ni da na juya shi cikin laka kamar dutsen niƙa.

Talata, 28 ga Agusta

Bature ya kira ni ofis. Ya ce mota ba za ta zauna ba, zai nemi a turo direba daga Kano, kuma in aka turo ba a mayarwa, Gana ya rasa aiki ke nan. Gana yana da 'ya'ya ƙanana da tsohuwa makauniya. Na ji bakina yana cewa zan riƙa tuƙa kaina har ya warke. Ya dube ni, ya tambaya ko ba ni ne na rushe bangon asibiti ba. Na ce ni ne. Ya ce in je a gwada ni a ba ni lasin.

Na fito na zauna a gindin dalbejiya. Me na yi wa kaina?

Litinin, 10 ga Satumba

A hanyar Miga na faɗa kwazazzabo, Fulani suka turo ni. Kuturun bawa ma ya fi ni iya riƙe abu.

Alhamis, 27 ga Satumba

Na gane wani abu. Kafin bayanta ya zame, ba a hannu ake fara ji ba, a mazauni ne. Na gaya wa Gana a gida, ya ce su a Bama sai da suka shekara kafin su san haka. Yatsunsa biyu sun fara motsi.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Likita ya ce Gana zai iya komawa aiki farkon wata. Da kansa ya zo ofis ya gaya mini, yana ta buɗe hannun yana rufewa don in gani. Na ce alhamdu lillahi. Da zuciya ɗaya na faɗa, Allah ya sani.

Da yamma akwai saƙon da zan kai Auyo, wanda masinja zai iya kaiwa a keke. Na ce a bari, ni zan kai da mota. Na dawo ta fadama ko da yake hanyar ta fi nisa, ruwa ya janye, lakar ta yi daidai. A wata kwana bayanta ya zame, na bi shi kaɗan, ya dawo. Ba kowa a wurin. Na juya na sake bin kwanar.

Hajo ta tambaya me ya tsare ni har magariba. Na ce hanya ce ba kyau.