Littafinka Yana Wajen Maman Ladi Mai Ƙosai

Zuwa ga yayana Bukar,

Assalamu alaikum, Yaya. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba, domin inda kake babu mai kai saƙo. Amma ka fi kowa sanin halina, magana da baki ba ta yi mini sauƙi. Kai ne ka laƙaba mini Hajiya Shiru. To yau ina da magana, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Gida lafiya, sai rashinka. Baba yana fita shago da safe, ya dawo ya zauna a tabarma shi kaɗai har dare. Mama ta rame. Ɗakinka Kawu Modu ya zuba buhunan riɗi a ciki. Sakamakonmu na firamare ya fito, na ci, an ba ni gurbi a sakandare. Sai Mama ta ce ba zan je ba. Ta ce boko ya cinye mata ɗa ɗaya, ba za ta ɗauki na biyu da hannunta ta miƙa masa ba.

Haka kowa yake faɗa a unguwa, wai littattafai ne suka taɓa maka kai. Tun lokacin da ka daina barci, kana magana kai kaɗai, har ranar da masu keke suka tsinto ka a hanyar Ashige ba takalmi, abin da ake cewa ke nan. Bayan sadakar bakwai Kawu ya ce a ƙona su duka. Mama ta kasa sa wuta a abin da hannunka ya taɓa, sai ta kira Maman Ladi, wadda take suya a bakin layinmu, ta ba ta kwalin gaba ɗaya. Yanzu da littattafanka ake naɗe wa mutane ƙosai, Yaya.

Ka tuna tsohon littafin nan mai jan bango? Wanda kake fassara mini da la'asar ina ɓarar agushi? Labarin saurayin Baturen da aka turo ya fasa hanya a cikin duwatsu. Da farko yana rubuta wa uwarsa cewa ya zo ne ya kawo wa mutane magani da makaranta. Ranar da ya fara ganin an yi wa lebura bulala sai da ya yi amai. Daga baya shi da kansa yake riƙe bulalar. Garin da ya ƙi ba da maza aikin dole ya sa aka ƙone musu rumbuna. A inda muka tsaya, ya fara sa a yi wa duwatsu bulala don sun ƙi fashewa, kana kwaikwayon muryarsa, ni kuma ina dariya cikin mayafi.

Ranar ka rufe littafin ka tambaye ni, wai haukan ne ya sa shi mugunta, ko muguntar ce ta haukata shi. Na sunkuyar da kai. Ka ce Hajiya Shiru ta tafi hutu, gobe ka ji amsa. Goben ba ka fito daga ɗaki ba.

Wata safiya aka aike ni sayen ƙosai. Ina buɗe takardar na ga sunan Baturen nan a jiƙe da mai. Ashe an iso kan littafin. Maman Ladi daga bayan littafi take yagowa, wai ta nan ya fi saurin fita daga ɗinki, don haka ƙarshen labarin na fara samu. Kullum ni nake karɓar aiken ƙosai yanzu. Da ta lura ina lallaɓa takardar, sai ta yi dariya ta ce wannan yarinya takarda yake ci ko ƙosai. Ka san Hausarta. Da na gaya mata naka ne, dariyar ta tsaya. Ta ciro abin da ya rage daga ƙarƙashin tire ta sa mini a hijabi, ta ce kada in bari Kawu ya gani. Tsakiyar ta riga ta tafi cikin gari.

Turancina bai kai naka ba. Wata kalmar sai in tsallake, wata kuma mai ya cinye ta. Amma na gane ƙarshen. Ka san abin da aka yi masa? Hanyar ta kammalu, manyansa suka rataya masa lambar yabo. Da suka ga kansa ya juye sai suka sa shi a jirgin ruwa da mai jinya, aka kai shi gida, aka ba shi ɗaki mai taga yana kallon teku. Ko igiya ba a ɗaura masa ba.

Kai wa ka taɓa bugu, Yaya? Rumbun wa ka ƙone? Ko da ciwon ya yi tsanani, in ka ga Mama da tulu sai ka karɓa. Amma kai aka sa a mota aka kai gidan mai magani a wani ƙauye bayan Obi. Ba a bar mu mun je ba. Ranar da aka dawo da gawarka, ina bayan ƙofa na ji masu wanka suna maganar sawun marin ƙarfe a ƙafafunka, suna cewa kada a gaya wa mata. Ban gaya wa kowa ba. Ka kira sunana a can? Ka ji yunwa?

Ga amsar da ka nema. Ni a ganina ba haukan ne ya fara ba. An ba shi iko a kan mutanen da aka ce masa ba mutane ba ne kamarsa, babu mai ce masa bari, kullum yana ƙara kaɗan, har zuciyarsa ta ruɓe. Waɗanda suka turo shi kuwa lafiyarsu lau, suna shan shayi, su ba a kira su mahaukata ba. Naka ciwo ne kawai, irin wanda Allah yake ɗora wa bawansa. Littafi bai yi maka komai ba. Da ma na faɗa maka wannan kana ji.

Shekaranjiya Mama ta kama ni da takardun a bayan kicin. Na ɗauka duka zan sha. Ta tsaya tana kallon rubutunka na biro a gefen shafi. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce ta zauna in ba ta labarin da kake ba ni. Na ba ta shi tun daga farko. Ba ta damu da Baturen ba ko kaɗan. Abin da ta tambaya shi ne, leburorin da suka mutu a dutsen, an gaya wa uwayensu inda aka binne su? Na ce littafin bai faɗa ba, ko sunayensu babu. Ta daɗe tana kuka, ni ma haka.

Ba ta ce mini komai a kan makaranta ba. Amma yau da safe ta buɗe akwatinta ta ɗauko farar rigarka ta zuwa neman aiki, ta ce in kai wa tela ya rage ta daidai jikina, tunda farar riga ake sawa a sakandare. Na kai. Da ya ɗauki almakashi sai na fita waje na tsaya. Ranar Litinin zan fara, kuma ban san wanda zan tambaya in na haɗu da kalma mai wuya ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sanyaya makwancinka, ya kwance maka duk abin da aka ɗaura maka a duniya. Sai mun zo.

Ƙanwarka,
Falmata