Takardun da Na Hura Murhu da Su

Zuwa ga Yayata Wiebke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Hinnerk da yara. Allah ya ba Inna sauƙin ƙafar nan, ya sa dankalin bana ya yi albarka. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san shekara biyu kawai na yi a makarantar coci.

Yaya, wata biyar ke nan da aka kawo ni garin nan na masu karatu, har yau ban gane kansu ba. Maigidana Anselm shekara tara yana kan abu guda, wai lambobin da ba sa rabuwa, irin su bakwai da sha ɗaya. Ya ce tun zamanin Girkawa manyan masana ke fama da su, shi kuma ya gano wata hanya. Na tambaye shi ko abin na kawo burodi, ya yi dariya ya ce a'a, amma sunan mutum na zama a jiki har abada. Da ya gama sai ya kwafe aikin tas, ya kai wa wani babban farfesa, don a nan ƙaramin malami ba ya tsayawa gaban taro, sai babba ya gabatar masa. Tsofaffin takardun kuma, duk zane da goge-goge, ya tura ƙarƙashin gado ya ce ya gama da su. Ni kuwa kin san gidanmu ba a zubar da komai. Da sanyi ya shigo na riƙa hura murhu da su kowace safiya, har ina murna na yi tattalin itace.

Makon jiya aikin ya fito a mujallarsu da sunan ɗalibin farfesan. Anselm ya je, aka shanya shi a zaure, daga baya farfesan ya ce ai mutum biyu kan yi tunani ɗaya, in yana da hujja ya kawo takardun farko masu kwanan wata. Ashe a wurinsu wannan tarkacen shi ne shaida! Ya dawo ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya dubi murhu, ya dube ni. Wallahi da ma zagina ya yi. Cewa kawai ya yi ai mun sha ɗumi. Frau Ilsabe mai gidan da muke haya kuwa ta samu abin yi, duk wanda ya shigo sai ta ce ga 'yar ƙauyen da ta dafa miyar kabeji da shekara tara, wai ko miyar ta iya lissafi. Ni ake wa dariya, ɓarawon kuwa hula ake cire masa a titi. Na yarda rashin sani ya fi dare duhu, to wanda ya sani kuma ya yi sata fa?

Ga roƙona. Kofunan nan da na aiko wa Inna da Kirsimeti, a takardunsa na naɗe su, takardun za su kai shida. Don Allah ki duba ko an shimfiɗa su a kanta. Duk mai lamba a jiki, ko ta sha maiƙo, ki aiko mini. Ban gaya wa Anselm ba, kada in sa masa rai, don tun ranar bai sake taɓa alƙalami ba. In kuwa kun hura wuta da su, kada ki ɓoye mini, ai gida ɗaya muka tashi.

Ki gaida Inna da Kawu Tjark da Goggo Antje, ki shafa mini kan Elske.

Taki ƙanwa mai jiran amsa,
Gesine