Ranar da Aji Bai Amsa wa Goggo Ba

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Kibiya lafiya lau.

Makon jiya na ɗauko Goggo Hansai daga Tarai ta yi wa ɗalibaina tatsuniya, don su koyi sauraro. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Aji ya yi tsit. Ba wanda ya san ana cewa, "Ta zo mu ji ta." Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Binta, baƙuwar da ba a amsa sallamarta ba, ba ta shiga gida." Sai da na koya musu amsar sannan ta fara.

Abin ya tsaya mini a rai. Ki gwada naki yaran, ki gaya mini ko sun amsa.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarki,
Binta