Ba Sakaci Ne Ya Kashe Uwar Layi Ba

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Zumuncin Masu Fama da Ciwon Suga tana sanar da mambobinta da sauran jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, Sakatariyar Walwala kuma mamba a Kwamitin Amintattu, Hajiyar da duk muka fi sani da Uwar Layi, wadda Allah ya karɓi ranta ranar Litinin da hantsi a ɗakin wankin ƙoda, bayan jinyar wata uku. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Mun jinkirta wannan saƙo da gangan. Tun a wurin zaman makoki muka fara jin ana raɗa cewa marigayiya ba ta kiyaye abin da take ci ba, shi ya sa suga ya cinye mata ƙoda. Mun yi shiru har takarda ta zo hannunmu. Yanzu ta zo, kuma za mu wanke sunanta a bainar jama'a.

Shekara ashirin da takwas marigayiya ta yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, tana duƙe a kan madubin gwaji tana duba jini da fitsarin mutane. Da ta yi ritaya kuma ciwon ya same ta, ba ta zauna a gida ba. Duk ranar ganin likita ita ke riga mai shara isowa, ta jera mu a benci, ta raba lamba, ta ƙwace kwalbar duk wanda ya kawo fitsari a mazubin da bai wanke ba ta kore shi ya sake. Mun sha faɗanta, mun kuma sha amfaninsa. Daga nan sunan ya bi ta.

Darasi ɗaya take maimaita mana har muka haddace: ba duk ciwon ƙodar mai suga ba ne suga ya kawo shi. Takan ce ɓarnar suga a hankali take zuwa, shekara da shekaru, kuma sau da yawa sai an ga alamarta a cikin ido. In ido lafiya lau, ga jini a fitsari, ga ƙoda ta durƙushe cikin 'yan makonni, to a nemi wani dalilin. Mambobinmu da dama sun tsira saboda ta tasa su gaba sun koma sun nemi a sake dubawa.

Abin takaicin, da abin ya zo kanta, ba wanda ya saurare ta. Shekara huɗu kacal ta yi da ciwon, awonta kullum daidai, likitan ido ya duba ta bai ga komai ba. Cikin mako uku ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsarinta ya koma kalar shayi. Likita na farko ya ga “suga” a bangon fayil ɗinta, ya rubuta ciwon ƙodar masu suga. Na biyu ya buɗe shafin baya ya kwafe. Na uku bai ma ɗago kai ba. Da ta miƙa masa katin likitan ido tana roƙon a tsakuro ɗan naman ƙodar da allura a duba, amsar da ta samu ita ce, “Mama, ki bar wa likita aikinsa.” Macen da ta yi shekara ashirin da takwas a kan madubin gwaji aka gaya wa haka, a gaban mijinta.

Sai a mako na goma wata likita ta zauna ta karanta fayil ɗin tun daga shafin farko, ta sa aka yi gwajin. Muna yi mata godiya. Amma sakamakon ya fito kwana biyu bayan an binne Hajiya. Ya nuna kumburi ne ya kama matatar ƙodarta, irin wanda ake da maganinsa in an gano shi da wuri. Ba a ga ɓarnar suga ba.

Mun yarda kwana ba ya wuce ranarsa, kuma ba ma jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma ƙin buɗe ido ba ƙaddara ba ce. Don haka ƙungiya tana kira ga hukumar asibitin da ta binciki wannan fayil, ta kuma wajabta duba ido da cikakken gwajin fitsari kafin a ɗora wa suga laifin ƙodar kowa. Duk mamban da aka taɓa rubuta masa irin wannan hukunci ya kawo katinsa ofis ranar Asabar, za mu raka shi.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga 'ya'yanta huɗu, da jikokinta, da 'yan'uwanta, musamman ga maigidanta, dattijonmu Baba Direba. Shi ya kawo mana ambulan ɗin sakamakon a rufe, ya ce ba zai iya buɗewa ba. Kafin mu karanta ya shaida mana cewa wata safiya, da bakinta ya yi ɗaci, ta roƙe shi ya sa mata rabin cokalin zuma a shayi, ya sa. Tun ranar da aka yi masa tsawa a bakin gadonta cewa mutanen gida ne ke ba ta zaƙi a ɓoye, bawan Allah nan yake yawo da wannan rabin cokali a ƙirjinsa, abinci ma ya daina shiga.

Baba, mun gaya maka a ofis, yanzu muna maimaitawa kowa ya ji: ba zumar ba ce. Ba kai ba ne, ba kuma ita ba ce. Ka ci abinci.

Allah ya gafarta mata, ya haskaka makwancinta, ya ba iyalinta da mu duka juriyar wannan rashi.

Sa hannu:
Baban Tagwaye
Kakakin Ƙungiya, a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu